Jajen Albasa a Ƙofar Gidanmu

A gidanmu da ke Zongon Lome ba a wasa da kalmar karaya. Kana iya cewa ka gaji, a ce je ka kwanta. Kana iya cewa ranka ya ɓaci, a ba ka haƙuri, in kana da sa'a ma a ƙara maka tsokar nama. Amma ka kuskura ka ce ka karaya, Mma za ta ajiye muciya ta dube ka daga sama har ƙasa, kallon da za ka gwammace ashar ka yi. Mma ita ce mahaifiyarmu, haka duk yaran unguwa suke kiran ta, har da waɗanda ba ta haifa ba.

Na daɗe ban gane abin da ya sa kalma ɗaya take tayar mata da hankali haka ba. Ai malamin Islamiyyarmu kullum yana faɗin ta: kada ku karaya da hadda, kada ku karaya da jarrabawa. A bakinsa ba ta fi "sannu da ƙoƙari" nauyi ba. Sai da na yi wayo na fara bin Mma kai wa Baba abinci a layin 'yan albasa da ke bakin kasuwar Asigame, sannan na ji yadda 'yan kasuwa ke furta ta. Su ba sa ɗaga murya da ita, ba sa kuma faɗa wa mutum a gabansa. Wani zai sunkuya yana gyara bakin buhu ya ce wa na kusa da shi, "Wane fa ya karaya." Na kusan ya ce, "Allah Ya kyauta." Shi ke nan an gama magana. Ma'anarta a can ita ce mutumin ya daina fitowa alhali ba ciwo ne ya kwantar da shi ba, kuma nan ba da jimawa ba wani zai shimfiɗa kaya a wurinsa.

Wurin da Baba yake zama ba shago ba ne. Fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, tsakanin wani ginshiƙi da teburin wata mata 'yar ƙabilar Mina mai sayar da tumatir, wadda muke ce wa Tanti. Babu takarda, babu ƙofa balle makulli. Kakanmu ne ya fara dire buhu a nan da ya zo daga ƙasar Sakkwato, Baba ya gada, kuma abin da ya riƙe mana wurin duk tsawon shekarun nan shi ne kowace safiya ana ganin mutumin gidanmu a kai. Daga wannan ɗan filin aka ciyar da mu, daga nan aka biya mini lakwal, wato makarantar boko, har na zama malama a unguwar Adidogome, daga nan ake sayen maganin ƙafar Mma.

Asara kuwa ba baƙuwa ba ce a layin, don albasa kaya ce mai saurin fushi, ruwa kaɗan ya taɓa ta sai ta ruɓe. Saboda haka mutanen suna da yadda suke yi. Wanda asara ta samu, washegari da sassafe zai fito ya share wurinsa, ya shimfiɗa tamfol ɗinsa ko da babu ƙwayar albasa ɗaya da zai ɗora a kai, ya zauna. A nan ake zuwa yi masa jaje. Ba a bin ɗan kasuwa gida da jajen kaya, zuwa gida na rasuwa ne da na rashin lafiya. Duk wanda ya zo ya tsuguna ya ce Allah Ya mayar da alheri, in ya koma wurinsa zai aiko ɗan dako da buhu ɗaya ko rabi, a dire a gefen tamfol ɗin ba tare da an ce komai ba. Da wannan mutum zai yi ta juyawa har ya miƙe.

Na gani da idona. Shekarar da ɓarayi suka fasa ɗakin ajiya suka kwashe wa Baba kaya kaf, ya yi sallar asuba, ya sha kokonsa, ya saƙala tsintsiya a hammata ya fita. Da muka kai masa abinci da hantsi, muka same shi zaune a tsakiyar tamfol babu komai a kai, ya harɗe ƙafa, idanunsa jajur. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Amma kafin la'asar yana can yana rantse-rantse da wata mai gidan abinci daga unguwar Be a kan farashin rabin buhu. Wanda kuma ya yi ta kwance bakin buhunan da aka aiko a ranar, yana zazzagewa yana ware manya da ƙanana, shi ne yayana. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya zo ya ce mini bai sani ba.

Yaya shi ne ɗan farin Mma, mu biyu ne kawai muka rayu a cikin 'ya'yanta. Ba zan danne masa haƙƙi ba, ya iya ciniki. Bakinsa zaƙi, yana jin Mina da Faransanci da Zabarmanci ban da Hausar gida, mace ta zo sayen albasar miya ɗaya ta tafi da kwando. Aibinsa guda ne, kuma tun yana yaro yake da shi: yana son a ce masa sannu fiye da yadda yake son abinci. In ya yi tuntuɓe zai naɗe yatsan da tsumma, ciwo ya warke, tsumma ya yi baƙi ƙirin, shi yana nan yana ɗingishi. In babu mai kallo ya buga ƙwallonsa, da ya hango wata gwaggo ta shigo gida sai ɗingishin ya dawo sabo. A lokacin dariya muke yi. Bayan rasuwar Baba shi ya gaji wurin, Mma da matarsa da 'ya'yansa uku duk a kansa suke ci.

Ya yi shekaru yana riƙe da wurin lafiya lau. Sai wata shekara, gab da faɗuwar damina, ya tattara duk abin da ya mallaka ya saro tirela guda ta albasa daga Nijar. Dabarar ba ta da laifi, kusan kowa a layin ya taɓa yin irinta. Motar ce ta lalace a hanya can arewa, inda babu gari babu makanike, ruwan sama ya yi ta dukan ta kwana da kwanaki. Ranar da ta iso Lome, warinta ya riga ta shigowa kasuwa. Baƙin ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinta, ƙudaje sun yi mata rakiya. Da aka kwance igiya aka yaye rufin, 'yan dakon da suka saba da kowane irin wari sai da suka ja da baya. Ko buhu ɗaya ba a tsira da shi ba. Yaya ya tsaya yana kallo ana kwasar dukiyarsa da shebur zuwa juji. A ranar na yi kuka tare da shi, kukan gaske, kuma har yau in na tuna tsayuwar nan tasa ina jin tausayinsa. Tausayina a kan wannan ranar ya tsaya.

Washegari da sassafe na biyo ta gida kafin in wuce aiki, na tarar Mma ta riga ta jingine tsintsiya a bakin ƙofar ɗakinsa. Ba ta ce komai ba, ba za ta iya ba. Mma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, in tana son ya ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan tuwo na hucewa." To tsintsiyar nan ita ce maganarta. Ya fito, ya tsallake ta, ya wanke fuska, ya koma ciki. Ya ce kansa ke ciwo.

Na ce to, yini ɗaya ba komai ba ne. Da yamma abokansa suka fara zuwa. Aka fito da tabarma, tabarma ta yi kaɗan aka aro benci. Kafin mako ya zagayo, wani maƙwabcinmu mai ba da hayar kujerun roba ya ce bai kamata manyan mutane su riƙa zama a rana ba. Ya kawo kujeru, ya kafa bash a ƙofar gida, irin rumfar nan da ake tare titi da ita in an yi rasuwa. Ranar da na sauko daga zemijan, babur ɗin haya, na hango ta, na ɗauka Mma ce ta tafi. Na shiga da gudu ina salati, na tarar da ita tana tsince shinkafa. Ba ni kaɗai na ruɗe ba. Maƙwabtanmu 'yan Mina sun yi shiga ta mutunci sun zo a jere suna tambayar wa ya rasu. Matar Yaya ce ta fita, kanta a ƙasa, ta gaya musu albasa ce.

Shi kuwa yana tsakiya a kujera mai hannu, ya yafa tawul a wuya, ya langaɓe kai gefe guda, carbi na lilo a yatsa. Duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin tirelar tun daga farko, kuma kullum labarin ƙara tsawo yake, ruwan saman na ƙara yawa, dajin da motar ta tsaya na ƙara nisa. Na lura har kumatu ya fara yi.

Masu zuwan kuma, Allah Ya shirye su. Ba 'yan layin albasa ba ne, waɗancan suna can suna jiran sa a inda ya kamata. Waɗannan mutanen unguwa ne da ba su da wurin zuwa da hantsi, masu jin ƙamshin shayi tun daga bayan masallaci. Kowa da gudummawarsa ta baki. Wannan ya ba da labarin wani da kayansa suka nutse a teku, bai sake miƙewa ba har ya mutu. Wancan ya ce ai wannan da sauƙi, shi ya san wanda asara ta haukatar, yana nan yana yawo a bakin ruwa ba riga. Samari su shigo da tabarau su dafa kafaɗarsa su ce, "Ça va aller, grand frère," wai zai wuce, babban yaya, su miƙa hannu su ɗauki kofi. Matarsa tana ciki tun safe tana hura gawayi, sukarin 'ya'yanta da madararsu na ƙarewa a cikin ƙartin da ko sunan yaran ba su sani ba.

Mafi muni a cikinsu wani dogo ne mai jar hula, wanda har yau ban san sana'arsa ba. Shi ne ya matso da kujera ya rage murya ya ce tirela ba ta lalacewa haka kawai, a bincika, akwai hannun 'yan layi, wataƙila ma an binne wani abu a wurin. Yaya ya kama maganar nan hannu bibbiyu. Mutanen da suka ɗauke shi yana jariri a kasuwa, waɗanda suka wanke gawar ubansa, rana ɗaya suka koma matsafa a bakinsa, don hakan ya fi masa sauƙi a kan ya ɗauki tsintsiya.

In na ce, "Yaya, yaushe za ka fita?" sai ya lumshe ido ya ce, "Ke ba za ki gane ba. Ba ni da moral." Wannan kalmar Faransanci ya samu ya laɓe a bayanta. Samarin Zongo suna yawan faɗin ta in ƙungiyarsu ta sha kashi a ƙwallo, ko budurwa ta ƙi ɗaga waya: moral ya sauka. Kalma ce da babu kunya a jikinta. Tana tafiya tana dawowa da kanta kamar ruwan famfon unguwarmu, mutum ba shi da laifi, nasa dai ya zauna ya jira. Da Hausa ba zai iya faɗin halin da yake ciki ba, don Hausar tana da sunan abin, shi ma ya san sunan sarai.

A can kasuwa kuwa Tanti ta kife babban bahonta a tsakiyar wurinmu don ta tsare mana shi, kowace safiya tana share shi tare da nata. Masu karɓar kuɗin tikiti sun fara tambaya, masu neman wuri sun fara zagaye suna auna filin da ido. Wata Asabar da ba ni da aji na ɗauki tamfol ɗin Baba na je na shimfiɗa na zauna. Aka yi ta gaishe ni da mutunci, har ruwan sanyi aka saya mini, amma babu wanda ya tsuguna ya yi jaje, babu buhun da ya zo. Bayan azahar dattijon layin, wanda abokin Baba ne tun suna samari, ya kira ni gefe.

"'Yata, Allah Ya yi miki albarka," in ji shi. "Amma zamanki ziyara ce. Ke ranar Litinin kina lakwal. Mai wuri muke son gani."

"Baba, ba ya jin daɗi ne."

"Assha. Me ke damun sa?"

Ba zan iya buɗe baki in ce wa mai furfura moral ba.

Da zan tafi Tanti ta riƙo hannuna, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Gaya ma yaro ya zo. Ko barci ne ya zo ya yi nan. Ni na gaji da faɗa da mutane, baho ba ya magana." Na kai saƙon yadda aka ba ni. Abin da Yaya ya ji a ciki duka shi ne na je na zauna a layin maza na tona masa asiri, kuma ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Sai dattijon ya yi abin da ba a yi. Ya rufe kayansa da rana tsaka, ya hau zemijan da tsufansa, ya zo har Zongo. Ina gidan a ranar. Ya tsaya a bakin bash ɗin ya dubi kujeru, ya dubi kofuna, ya dubi dogon mai jar hula. Aka miƙe ana ba shi wurin zama, ya ƙi. Aka miƙo shayi, ya ce ya gode.

"Ɗana," ya ce, "buhunanka suna nan a ajiye, kowa ya ware nasa. Albasa ce, ka san ba ta jira. Ba za mu kawo ta gida ba. Gobe ka fito."

Yaya ya zamo daga kujera ya tsuguna, ya saka rawa a muryarsa. "In sha Allahu, Baba. Ku dai taya ni da addu'a, jikin ne duk ya mutu."

"Addu'a muna yi. Ka fito."

Ko ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba dogon nan ya ce, "Ka gani ko? Me ya sa suka matsu ka koma?" Washegari hadari ya ɗan haɗu, Yaya ya leƙa sama ya ce bari ya ga yadda garin zai yi. Ruwan ma bai sauka ba.

A safiyar nan ce Mma ta kai iyakar abin da za ta iya. Ta tako a hankali har ƙofar ɗakinsa, ta fuskanci bango, ta ɗaga murya ta ce, "A gaya wa mai ɗakin nan, ubansa da zazzaɓi a jikinsa yake fita." Yana ciki yana jin ta. Sai shi ma ya amsa wa bangon, "A gaya mata kowa da irin zuciyarsa." Wallahi a ranar na so ta yar da kunyar nan a tsakar gida, ta shiga ta finciko shi da kunne. Ba ta yi ba. Ta juya tana jan ƙafa ta koma ɗakinta.

Asabar ta gaba na sake komawa kasuwa, kuma tun kafin in kai ga teburin Tanti na ji abin da nake gudu. Wani yana sunkuye a kan buhu, bai gan ni ba, ya ce wa na gefensa, "Ɗan marigayi fa ya karaya." Buhunan da aka ware an riga an mayar da su cikin kaya an sayar. Ban ga laifin kowa ba, an jira shi fiye da yadda ake jiran mutum.

Ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar gida. Majalisa ta cika, ana zagaye na biyu na shayi. Na tsaya a gabansa, ko sallama ban yi ba.

"Yaya, ka san abin da ake cewa a layi? An ce ka karaya."

Sai ga mutumin da ya yi makonni ba ya iya ɗaga kai ya zabura tsaye. "Ni? Ni kike gaya wa wannan a gaban mutane? Don kin ga kina ɗaukar albashi?" Muryarsa har bakin titi. Ya yi jifa da kofi, ya suri kujerar da yake kai ya ɗaga ta sama, sai da ƙarti uku suka rirriƙe shi, yana fizgewa yana jan su. Na tsaya ina kallon wannan ƙarfin da ya isa ya sauke rabin tirela shi kaɗai.

"To ga ƙarfi nan, Yaya," na ce. "Tsintsiya ba ta kai kujerar nan nauyi ba."

Kun san abin da maganata ta haifar? Sabon jaje. Yanzu an bar tirela an koma kan ƙanwar da ta ci mutuncinsa a bainar jama'a, an samu labarin da za a ƙara mako da shi. Dogon ya ce ni ma a bincike ni.

Bash ɗin bai sauka ba sai da aka yi rasuwa ta gaske a layin bayanmu, mai shi ya zo ya kwance abinsa. Kujeru suka tafi, masu jaje suka bi kujeru, ko waiwaye ba su yi ba. Yaya yana nan har yau, lafiyarsa ƙalau. Duk inda aka yi gobara ko sata a Zongo shi ne na farkon isa, ya iya langaɓe kai, ya iya ba da labarin waɗanda ba su sake miƙewa ba. Matarsa tana suyar ƙosai a ƙofar gida, da wannan da ɗan abin da nake kawowa ake rufa asiri.

Ba a daɗe da sauke bash ɗin ba, wata safiya Mma ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta ce in samo mana tasi zuwa Asigame. Rabonta da kasuwar tun Baba na da rai. Ni na riga na san wurin ya tafi, Tanti ta aiko mini cewa an ɗauke bahonta an ba ta a hannu. Na ce, "Mma, rana ta yi zafi, ƙafarki kuma ga yadda take." Ta ce, "Kai ni."

Muka sauka muka kutsa cikin mutane da babura, tana tafiya tana hutawa. Da muka shiga layin, mazan suka riƙa miƙewa suna gaishe ta, idanunsu a ƙasa. Tanti ta hango mu ta tashi tsaye, ta rufe baki da gefen zane. A jikin ginshiƙin wata matashiya ce zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta baza silifas na roba kala-kala, ja da kore da ruwan hoda, tana latsa waya. Ba ta san mu ba, ba ta da dalilin sanin mu.

Mma ta tsaya a bakin shimfiɗar tana kallon ƙasa. Ta daɗe a haka. Matashiyar ta ɗago ta yi magana da Faransanci, da ta ga ba a amsa ba ta maimaita da Mina, "Mama, in ba saye za ki yi ba ki matsa, kina tare mini kaya."

Na buɗe baki, Mma ta matse mini wuyan hannu.

"Saye zan yi, 'yata," ta ce. "Ba ni kujerar in zauna in gwada."

Aka ba ta. Ta zauna a tsakiyar wurin, ta jingina bayanta da ginshiƙin, ta ce a miƙo ja. Ƙafarta a kumbure take, babu silifas ɗin da zai shige ta a cikin tulin nan, ta san haka, ni ma na sani. Ta gwada jan, ta ce a miƙo kore. Ta juya shi, ta duba ƙasansa, ta lanƙwasa shi, ta ce a miƙo wancan na can ƙarshe. Tana gwadawa tana kallon layin, tana kallon masu wucewa, tana shafa siminti da tafin ƙafarta ɗaya. Matashiyar ta fara tsaki, wasu masu saye suka zo suka tsaya suka wuce. Mma ba ta fasa ba sai da ta taɓa kusan kowane takalmi da ke wurin.

Daga ƙarshe ta ɗauki wasu 'yan ƙanana da ko ƙafar jikarta ba za ta shiga ba, ta tambayi kuɗinsu. Matar da ko gishiri ba ta taɓa saye ba tare da ta taya ba, ta kwance bakin zane ta biya yadda aka faɗa. Aka saka mata a baƙar leda.

"Ɗaga ni," ta ce.

Na sa hannu a hammatarta, sai na ji ta sakar mini nauyinta gaba ɗaya, ita da ba ta yarda a gan ta tana dafa bango. Kafin mu kai ga teburin Tanti, matashiyar ta riga ta janye kujerarta ta zauna, tana jera takalman da Mma ta hargitsa.